Binne Iskar Kabon a Ƙarƙashin Ƙasa: Wa Zai Yi Aikin?

(Ƙasidar da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a babban ɗakin taro na makaranta)

 



Lokacin da sakataren ƙungiya ya sanar da ni cewa ni ne zan yi jawabin bana, sai da gabana ya faɗi, domin kuwa ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tsaya yana bayani a gaban malaman da suka san makinsa na jarrabawa. Wasu daga cikinku, iyayena, kun sha rubuta mini "ka ƙara ƙoƙari" da jan biro. To ga shi yau na zo in gwada ko na ƙara. Idan na yi kuskure a gyara mini, kamar yadda aka saba.

Abin da zan yi magana a kai shi ne wata sana'a da ke tasowa a duniya, wato kama iskar kabon daga masana'antu a binne ta a ƙarƙashin ƙasa, da kuma irin ma'aikatan da wannan aiki ke bukata. Na shafe mafi yawan shekarun aikina a masana'antar sarrafa iskar gas, inda na fara da kula da na'urorin awo, saboda haka zan faɗi abin da na gani da abin da na karanta.

Darasin aji uku

Bari in fara da tuna muku wani darasi. 'Yan ajinmu za su tuna ranar da malaminmu na kemistiri ya kawo wani ruwa garai-garai a kwalba, wanda muke kira laimwata, ya ba ɗayanmu tsinken roba ya ce ya hura a ciki. Kafin minti ɗaya ruwan ya yi fari kamar an zuba madara. Muka yi ta shewa, mun ɗauka siddabaru ne. Malam ya ce iskar kabon da ke fita daga huhunmu ce ta haɗu da abin da ke cikin ruwan ta zama farin gari, kuma wannan gari shi ne ainihin sinadarin da ke cikin dutsen da ake yin siminti da shi.

Jama'a, abin da muka yi ran nan shi ne kama iskar kabon. Duk abin da manyan kamfanoni ke kashe biliyoyi a kansa yau, tushensa yana cikin wannan kwalba.

Me ya sa ake son kama iskar?

Iskar kabon, wadda masana ke kira kabon dayoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce ke sa lemon kwalba kumfa, ita ce kuma ke cikin wasu tukwanen kashe gobara. Tsirrai da ita suke haɗa abincinsu. Matsalar ita ce yawanta. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iskar sararin sama, kashi 280 ne nata. Yanzu ta haura 420. Ƙona kwal da fetur da gas da yin siminti suna ƙara wa sama kimanin tan biliyan 37 a kowace shekara. Iskar tana riƙe zafin rana kamar bargo, shi ya sa duniya ke ɗumama. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na wannan adadi, amma manomin da damina ta rikice masa da wanda ambaliya ta cinye wa gida ba su bukatar a yi musu bayanin illar.

Maganin farko, kowa ya sani, shi ne a rage ƙona waɗannan abubuwa, a koma ga hasken rana da iska da ruwa, a kuma bar itatuwa su rayu. To amma akwai masana'antun da ko an canza musu makamashi ba za su daina fitar da iskar ba, kuma siminti ne babban misali. Idan aka gasa dutsen siminti a tanderu, ya kai zafin digiri 900 ko sama, sai ya saki iskar kabon da ke ɗaure a jikinsa, wato kishiyar abin da muka yi a kwalba. Ɗalibin da ya iya lissafin nauyin sinadarai zai gaya muku cewa a kowane kilo 100 na tsantsar dutsen, kilo 44 iskar kabon ce. Fiye da rabin iskar da kamfanin siminti ke fitarwa daga jikin dutsen take fitowa. Ko da wutar rana aka gasa shi sai ta fita. Siminti shi kaɗai yana da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa. Wannan kuwa ya shafe mu, domin muna da kamfanin siminti a Sakkwato da Ashaka da Obajana.

Yadda ake yin aikin

Aikin hawa uku ne. Hawa na farko shi ne kamawa. Ana tura hayaƙin masana'anta cikin wata doguwar hasumiyar ƙarfe daga ƙasa, a yayyafo masa wani ruwan sinadari daga sama. Sunan sinadarin amin, amma ba amin ɗin addu'a ba. Shi wannan ruwa yana da ɗabi'ar cafke iskar kabon idan yana da sanyi, ya sake ta idan ya yi zafi. Saboda haka sai a kai shi hasumiya ta biyu a dafa shi zuwa kimanin digiri 120, ya saki iskar zalla, sannan a sanyaya shi a mayar da shi ya sake kamowa. Wannan dabara tun 1930 aka gano ta, kuma da ita ake tace iskar gas a wurare da yawa. A Boni ma, kafin a daskarar da gas a loda wa jiragen ruwa, sai an cire iskar kabon da ke cikinsa da irin wannan ruwa, in ba haka ba ta daskare ta toshe injina.

Hawa na biyu shi ne jigila. Ana busar da iskar, a matse ta da manyan injina har ta yi kauri kamar ruwa, sannan a tura ta cikin bututu ko a loda ta a jirgin ruwa. Busarwar nan tilas ce, domin idan iskar kabon ta haɗu da ruwa takan zama asid mai cin ƙarfe.

Hawa na uku shi ne binnewa. Ana haƙa rijiya mai zurfin da ya wuce mita 800, domin daga nan ne matsi da zafin ƙasa ke riƙe iskar a dunƙule. Babu wani kogo da ake zuba ta a ciki. Ana neman dutsen yashi mai ƙananan ƙofofi kamar soso, wanda ruwan gishiri ya cika, kuma wanda ke da wani dutse mai tauri a samansa kamar murfin tukunya. Iskar tana shiga ƙofofin, a hankali wani sashe ya narke cikin ruwan gishirin, wani sashe kuma bayan dogon zamani ya zama dutse.

Inda aka yi aka ci nasara, da inda aka sha wuya

Ƙasar Norwe ce ta fara binne iskar don kare yanayi. A 1991 gwamnatinta ta sa haraji a kan iskar kabon da kamfanonin mai ke saki a teku. Kamfanin Statoil, wanda yanzu ake kira Equinor, ya yi lissafi ya ga binnewa ta fi biyan haraji sauƙi. Daga 1996 ya fara tura kusan tan miliyan ɗaya a shekara ƙarƙashin teku a filin gas na Sleipner. A 2025 kuma Norwe ta ƙara wani mataki: kamfanin siminti na garin Brevik ya buɗe na'urar da aka tsara ta kama tan 400,000 a shekara, kimanin rabin abin da yake fitarwa. Jirgin ruwa ke ɗaukar iskar zuwa gaɓar yammacin ƙasar, daga can bututu mai tsawon kilomita 100 ya kai ta teku, a binne ta a zurfin mita 2,600.

A nahiyarmu ma an gwada. Duk wanda ya bi hanyar Sahara daga Kano zuwa Damagaram, ya wuce Agadas da Arlit da Tamanraset, zai iso garin Insalah a Aljeriya. A yankin nan, daga 2004 zuwa 2011, kamfanonin Sonatrach da BP da Statoil sun binne kusan tan miliyan 3.8. An dakatar da aikin a 2011. Masu sa ido, ta hanyar tauraron ɗan Adam, sun lura ƙasar da ke saman rijiyoyin tana ɗagowa da 'yan milimitoci a shekara, awon matsi kuma ya nuna alamun dutsen ya fara tsagewa daga ƙasa. Ku lura da wannan, 'yan uwa. Mutanen da suka iya karanta awo, suka kuma faɗi gaskiyar abin da suka gani, su ne suka sa aka tsaya tun abin bai yi nisa ba.

A Ostireliya akwai aikin Gorgon, wanda aka tsara zai binne har tan miliyan 4 a shekara. Bai fara ba sai 2019, bayan jinkiri saboda ruwa da aka samu a cikin bututu, daga baya kuma yashi ya riƙa toshe rijiyoyin rage matsi, har ya kasa cika alkawarin da ya ɗauka. A Amurka, na'urar Petra Nova ta jihar Teksas ta fara a 2017, ta tsaya a 2020 da farashin mai ya faɗi, sai a 2023 aka sake tayar da ita.

Na kawo waɗannan ne don kada a ce na zo talla. Aikin yana da tsada, yana cin makamashi mai yawa, kuma yawancin iskar da ake kamawa zuwa yanzu ana tura ta ne cikin tsofaffin rijiyoyin mai don a ƙara tatso man, abin da ya sa mutane da yawa ke sukarsa. A 2024, duk na'urorin duniya a haɗe abin da za su iya kamawa bai wuce kimanin tan miliyan 50 a shekara ba. Ku gwada da biliyan 37, cokali ne a cikin randa. Amma ga siminti da takin zamani da tace gas, babu wata hanya da ta fi ta a hannu, kuma ana zuba kuɗi. A Oktoban 2024 gwamnatin Birtaniya ta yi alkawarin fam biliyan 21.7 cikin shekara 25 don irin waɗannan ayyuka.

Haɗarin da ke ciki

'Yan ajinmu za su tuna watan Agustan 1986, lokacin da muka ji a rediyo cewa mutane sun kwanta barci ba su tashi ba a kewayen tafkin Niyos na Kamaru. Mutum fiye da 1,700 suka rasu a dare ɗaya, tare da dubban shanu. Allah ya jiƙansu. Iskar kabon ce da ta taru a ƙasan tafkin ta fashe ta fito, kuma da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta gangara cikin kwaruruka ta kore iskar numfashi. Wancan ikon Allah ne, babu hannun kamfani a ciki, amma ya nuna halin iskar. A Fabrairun 2020 kuma bututun iskar kabon ya fashe kusa da ƙauyen Satartia a jihar Misisipi ta Amurka, bayan ruwan sama ya zaftare ƙasa, a daidai wani gurbin walda. An kai mutum 45 asibiti. Motoci sun mutu a kan hanya domin inji ma ba ya tashi sai da iskar numfashi.

Wa zai yi aikin?

To yanzu na zo kan abin da ya kawo ni. Idan kuka duba duk labaran nan, za ku ga ilimin a rubuce yake tuntuni, nasara ko faɗuwa kuwa a hannun ma'aikata take. Idan aka ce sabuwar fasaha, mukan zaci farfesoshi kawai ake nufi. A masana'antar da na yi aiki, duk injiniya ɗaya yana da ma'aikatan hannu da yawa a bayansa, kuma idan babu su takardarsa ba ta juya ko kusa ɗaya.

Ana bukatar mai walda, amma irin wanda ya ci gwajin da ake kira 6G, inda ake kafe bututu a karkace ba ya motsi, mutum ya zagaye shi da walda sama da ƙasa, sannan a ɗauki hoton eksire na ɗinkin. Idan aka ga aibin da ya wuce ƙa'ida, an faɗi. Ana bukatar mai haɗa bututu da ya iya karanta zane. Ana bukatar kaniken injin matsa iska, da mai aikin lantarki, da mai daidaita na'urorin awon zafi da matsi. Ana bukatar ma'aikacin ɗakin gwaji da zai riƙa auna ruwan amin kullum ya ga ko ya lalace. Ana bukatar masanin duwatsu da zai zaɓi wurin binnewa, da masu haƙa rijiya, da masu zuba simintin da ke toshe gefenta. Ana bukatar jami'in kiyaye haɗari, da ma'aikatan jinya da 'yan kwana-kwana na garuruwan da bututu ya ratsa, waɗanda suka san abin yi idan ya fashe. Bayan an rufe rijiya kuma, ana bukatar masu sa ido na shekaru masu yawa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da take baƙuwar sana'a. Duk tsofaffi ne, an dai tsaurara musu sharaɗi. Wanda ya iya su zai ci abinci a bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, zai ci a matatar mai, zai ci a kamfanin taki ko na siminti, ko da ba a taɓa binne ko kilo ɗaya na iskar kabon a ƙasar nan ba. Saboda haka wanda ya koya bai yi asara ba ta kowace fuska.

Zan ba ku labarin da har yau yake ci mini rai. A wani aikin shimfiɗa bututu da na halarta, an kira masu walda na gida don gwaji. Samari sun zo da yawa, wasu hannunsu ya fi na baƙin da aka kawo kyau, na gani da idona. Amma kaɗan ne suka haye. Wani ba ya iya karanta takardar ƙa'idar aikin, wani bai taɓa ganin irin injin ba, wani kuma ba shi da takardar shaida ko ɗaya. Aka ɗauko ma'aikata daga ƙetare ana biyansu da dala, namu kuma aka ba su ɗaukar kaya. Na koma masauki ran nan na kasa cin abinci. Yaran ba su da laifi. Mu ne ba mu shirya su ba.

Ina muka tsaya?

Har yanzu babu masana'antar da ke binne iskar kabon a Nijeriya. Amma a taron Gilasgo na 2021 ƙasar nan ta yi alkawarin daidaita abin da take fitarwa da abin da take cirewa nan da 2060, kuma a shekarar aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. Tarayyar Turai ta kafa tsarin caji a kan iskar kabon da aka fitar wajen yin siminti da ƙarfe da taki da ake shigar mata, wanda aka fara gwajinsa a Oktoban 2023. Duk mai son sayar musu da taki dole ya yi wannan lissafi. Muna kuma da irin shimfiɗar duwatsun da ake dubawa, a yankin Neja Delta da kwarin Binuwai da Bida da Sakkwato da tafkin Chadi, ko da yake kowane wuri sai an bincika shi da kyau kafin a ce ya dace. Ranar da aikin zai zo, ba za a jira mu ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wuraren koyo kuwa akwai su. Akwai Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur ta Efurun, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da takwarorinta na jihohi, akwai asusun ITF da aka kafa a 1971 da shirinsa na tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, akwai jarrabawar NABTEB ta makarantun sana'a. Abin da ya rage shi ne yaron da zai isa can da tushe mai kyau, da uban da zai bar shi ya tafi.

A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu nawa ne a ɗakin nan za mu yi murna idan ɗanmu ya ce walda yake so? Mu nawa ne za mu ba mai walda 'yarmu ba tare da an yi ta kai-komo ba? Mun fi son ɗa mai digiri yana zaune a gida shekara biyar a kan ɗa mai baƙin mai a riga yana ciyar da gida. Kakanninmu maƙera ne da majema da marina da magina, ba su taɓa jin kunyar hannunsu ba.

Shawarwari

Ina roƙon ƙungiya ta duba abubuwa huɗu. Na farko, da safiyar yau na leƙa ɗakin gwaje-gwajenmu da ɗakin koyon aikin ƙarfe. Ba zan faɗi abin da na gani ba, kowa ya je ya gani kafin ya tafi. Kafin mu sake fentin ƙofar shiga, mu gyara waɗannan biyun, mu sayi sinadarai da injin walda ko guda biyu ne. Na biyu, mu ɗauki nauyin ɗalibai biyu a kowace shekara zuwa kwalejin fasaha, har zuwa kuɗin gwajin takardar shaida, domin a nan ne yawanci suke maƙalewa. Kada kuma a manta da 'ya'ya mata, aikin ɗakin gwaji da na'urorin awo natsuwa yake so. Na uku, duk wanda ke da gareji ko kamfani ko matsayi a masana'anta, ya karɓi yaro ɗaya a lokacin hutu. Na huɗu, mu tallafa wa malaman lissafi da Turanci da kimiyya, domin mai waldar da ba ya karanta zane iyakarsa ƙofa da taga.

Ku kuma ƙannena da ke baya, ku saurara. Abu mafi tsada a wannan aiki shi ne amana. Za a bar ka kai kaɗai da tsakar dare a gaban na'urar awo, lambar da ta nuna ba ita shugabanka yake so ya ji ba. Idan ka rubuta gaskiya, ka ceci mutanen da ba ka sani ba, wasu ma ba a haife su ba tukuna, domin abin da aka binne ana so ya zauna dubban shekaru. Wanda ya saba satar amsa a jarrabawa zai saci lamba a wurin aiki. Ku fara gyarawa tun daga nan.

Kammalawa

Daga ƙarshe, ina miƙa godiya ga malamanmu, na raye Allah ya ƙara musu lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu ya sa Aljanna ce makomarsu. Na tambayi shugaban makaranta ko 'yan aji uku na bana sun yi gwajin laimwata, ya ce a allo aka zana musu. Na zo da sinadarin da tsinken roba a mota. Idan shugaban taro ya yarda, bayan an ci abinci ina gayyatar 'yan aji uku zuwa ɗakin gwaji, kuma ina roƙon malaminmu, tunda Allah ya sa yana tare da mu, shi ya riƙe kwalbar.

 Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya albarkaci zuriyarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.